Hitar gas a ɗakin maijego: kar ta sake kwana a kunne

Ga saƙon da wata 'yar'uwa ta turo min daga Gusau, ta ce a sakaya sunanta:

"Assalamu alaikum Anti. Ni maijego ce, sati uku da haihuwa, haihuwar fari, namiji. Saboda sanyin nan maigidana ya sayo muna hita mai amfani da gas, irin mai taya wadda ake sa tukunyar a bayanta. Uwar mijina ta zo daga ƙauye tana kula da ni, ɗaki ɗaya muke kwana da ita, da an yi magariba sai ta rufe tagogi ta tura tsumma ƙarƙashin ƙofa wai kar iska ta taɓa jariri, hitar kuma a kunne har asuba. Kwana biyar kenan kullum da ciwon kai da jiri nake tashi, sai na fita tsakar gida wanka nake jin dama dama. Ita ma Inna tana kukan kai amma ta ce hazo ne. Oga da ke kwana a falo lafiyarsa lau. Gilashin taga har zufa yake yi. Yaron kuma ya daina tashi shan nono da dare sai na tashe shi, Inna ta ce ɗumin ne ya karɓe shi. Na yi maganar a ɗan buɗe taga ta ce su da garwashi sunka yi jegonsu, mi yas same su. Ba na son in yi mata rashin kunya, ba na son kuma oga ya ga kamar na raina abin da ya kashe kuɗinsa ya sayo. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da sauka lafiya, Allah ya raya muna shi. Na tsallake saƙonni da yawa da suka riga naki zuwa na fara da ke, saboda wallahi tunda na zo wurin da kika ce yaron ya daina tashi shan nono hankalina bai kwanta ba. Kafin dogon bayani ga abin da nake so ki yi yau ɗin nan: hitar nan kar ta sake kwana a kunne a ɗakinki ko na dare ɗaya, sannan ku shirya ke da yaron da Innar ku je asibiti, ko Asibitin Yariman Bakura ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko duk wanda ya fi kusa da ku mai likita, ki faɗa masa da bakinki cewa kwana biyar kuna kwana da hitar gas a ɗaki rufe ruf. Jaririn sati uku ba ya kwana har asuba bai nemi nono ba, a yini da kwana ya kamata ya sha sau 8 zuwa 12, wato duk bayan awa biyu ko uku yana motsi yana neman uwarsa. Wanda ya daina haka kwatsam ba daɗi ne ya kwantar da shi ba, nauyi ne jikinsa ya yi.

Abin da ke faruwa a ɗakinki kuwa shi ne wuta ma numfashi take yi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata ne oksijin, shi ne abin da huhunki ke nema, shi ne kuma abin da wutar hitar ke ci. To ku huɗu ne kenan a ɗakin kuke rabon abu ɗaya, ke da Inna da jariri da hita, kuma hitar ta fi ku ci nesa ba kusa ba. Irin wadda kika kwatanta, mai faranti uku a gaba inda wutar ke ci, in aka kunna ta duka tana ƙona wajen giram 300 na gas a awa ɗaya, shi kuma kilo ɗaya na gas kafin ya ƙone tas yana buƙatar iska kusan kashi ɗaya cikin uku na duk iskar da ke ɗaki mai ƙafa 12 tsawo 12 faɗi, irin ɗakunan hayarmu. Kuma ba sai ta cinye oksijin ɗin duka ba kafin a shiga matsala, da ya sauka daga 21 zuwa wajen 18 wutar ta fara shaƙewa, a ɗakin da aka toshe sosai wannan bai wuce aikin awa biyu ba. Daga nan sai ta daina ƙona gas ɗin yadda ya kamata ta koma fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid.

Wannan iskar ita ce abin tsoron, don ba ta da wari ba ta da kala ba ta yaji a ido ba ta sa tari, da hayaƙi ce irin na ɗanyen ice da tuni kun buɗe ƙofa da kanku. Tana shiga huhu ta wuce jini ta maƙale a daidai wurin da oksijin ke zama, kuma jini ya fi riƙe ta fiye da yadda yake riƙe oksijin sau sama da 200, sai ya zamana jinin na zagayawa amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abincinsu. Farko ciwon kai, sai jiri da tashin zuciya da kasala, sai mutum ya ji ƙafafunsa sun mutu tunaninsa ya dagule, yana ganin ƙofa amma ya kasa kai kansa wurinta. Mai barci kuwa ba ya ma jin ko ɗaya daga cikin waɗannan matakan, daga barcin yake zarcewa. Jariri ya fi kowa shiga haɗari saboda numfashinsa sau 40 zuwa 60 ne a minti ɗaya, ke kuma 12 zuwa 20, ga shi har yanzu akwai ragowar irin jinin da ya zo da shi daga ciki wanda ya fi na manya riƙe gubar. Bayan shi sai mai ciki, da tsoho, da mai ciwon zuciya ko asma ko sikila, da wadda ta zubar da jini wajen haihuwa jininta bai gama dawowa ba. Ki duba ɗakinki ki gani, duk ku ukun kuna cikin wannan layin.

Saƙonki ma da kansa ya nuna inda matsalar take. Masu kwana a ɗakin su ke ciwon kai, mai kwana a falo lafiyarsa lau, ke kuma da kin fita tsakar gida sai ki ji sauƙi. Maleriya ba ta sakin mutum don ya fito waje, hazo kuma ai har falon yana shiga. Zufar da gilashin ke yi ita ma shaida ce, duk kilo ɗaya na gas da ya ƙone yana sakin ruwa wajen lita ɗaya da rabi a matsayin tururi, a ce cikin hunturun nan da leɓe ke tsagewa wanki ke bushewa cikin awa ɗaya amma tagarki na tsiyayar ruwa, to iskar ɗakin ba ta fita ba kuma wata ba ta shigo ba. Amma duk da haka in kun je asibiti ki ce a auna miki hawan jini, don ciwon kai ga maijego a cikin sati shidan farko yana iya zama hawan jinin bayan haihuwa, shi ma ba abin wasa ba ne, kar mu ɗora komai kan hita mu bar wani abu a baya. Sannan ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa a auna oksijin, ba ya iya bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da wannan gubar, yana iya nuna 98 alhali mutum na cikin matsala, shi ya sa na ce ki ba da labarin hitar da bakinki kar ki jira na'ura ta faɗa. Maganinta oksijin ne zalla ta hanci. In mutum iskar waje kawai yake shaƙa sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya bar jininsa, in an sa masa oksijin kuwa awa ɗaya da wani abu ne.

Ni abin nan ya taɓa zuwa har kan gadona shi ya sa nake miki magana da zafi haka. Jegona na fari a gidanmu na yi a Ƙaura Namoda, cikin Janairu, ana wani irin ɗari da ko ruwan alwala sai an ɗumama. Ba hita a lokacin, kasko ne aka cika da garwashi aka shigo muna da shi aka ja ƙofa, ni da ƙanwata da jaririya. Da asuba babanmu ya ƙwanƙwasa a tashi salla, ina jin bugun kamar daga ƙasan rijiya, na so in amsa harshena ya yi nauyi, ƙanwata ta miƙe ta yi taku biyu ta zube a bakin ƙofa tana amai. Har yau ina tuna sanyin simintin tsakar gida a kumatuna da aka jawo mu waje, da yadda jaririyar ta yi laƙwas a hannun gwaggona ba kuka ba motsi na tsawon lokaci kafin ta canyara. Ranar har an fara zargin tuwon dare, wasu na cewa aljanu ne, sai da wani malamin asibiti maƙwabcinmu ya leƙa ɗakin ya ga kaskon ya ce ku fitar da wannan. Da babanmu ya makara ranar da ba ni ke rubuta miki wannan ba.

Yanzu tambayar Inna, su da garwashi sunka yi jego mi yas same su. Tambaya ce mai kyau kuma tana da amsa, kar ki ɗauke ta gardama. Abu na farko Inna ta yi gaskiya cewa sanyi na cutar da jariri, jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi kamar na babba, jaririn da ya sandare da sanyi yana iya mutuwa, wannan likitoci ma haka suka ce. Inda aka samu saɓani shi ne ɗakin da ta yi jego a ciki ba irin naki ba ne. Nata ɗakin ƙasa ne mai jinka ko azara, ba silin, ƙofar asabari ce ko ta kara ko ta langalanga mai kafa ta ko'ina, hayaƙi na bi ta cikin ciyawar rufin ya fice iska kuma na shigowa ta ƙasa ko ba a so. Naki kuwa bulo ne da filasta, silin a sama, tagar gilashi mai zugewa da roba a gefenta, ƙofar ƙarfe, 'yar kafar da ta rage ta ƙarƙashin ƙofa ita ma an tura mata tsumma. Dabararta ta yi aiki a ɗakinta don ɗakin na numfashi da kansa, naki sai an buɗe masa hanya. Kuma ko a wancan zamanin ba kowa ya tsira ba, an sha kwanciya lafiya a wayi gari da gawa biyu uku a ɗaki ɗaya a ce mayu ne ko aljanu ko an sa guba a abinci, har a ɗora wa kishiya ko maƙwabciya laifin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Yau ma abin da janareto ke yi kenan in an shigar da shi baranda ko kicin saboda ɓarayi, gubar iri ɗaya ce. Ko Amurka da suke da ƙararrawa a gidaje da motar asibiti a kusa, hukumar yaƙi da cututtukansu na cewa sama da mutum 400 ke mutuwa duk shekara ta wannan hanyar, har jihar Kalifoniya ta hana sayar da hitar gas marar bututun fitar da hayaƙi don amfanin cikin gida.

Ban ce a jefar da hitar ba, kuɗi aka sa kuma da kyakkyawar niyya aka sayo ta. Asali irin waɗannan ba don ɗakin kwana aka yi su ba, in takardarta na nan ki ba oga ya duba, masu ƙera su da kansu suna rubuta kar a sa a ɗakin barci ko banɗaki ko ƙaramin ɗaki, kar kuma a yi barci tana ci. Wurinta falo, ana zaune ido biyu. In ma za a ɗumama ɗakin kwanan da ita to kafin a kwanta ne, bayan isha'i a kunna faranti ɗaya na minti talatin zuwa awa ɗaya, taga a buɗe, jaririn yana falo a jikinki, sannan a kashe ta daga kan tukunyar, a turo ta waje, a bar tagar kamar minti goma sha biyar kafin a shigo da yaro. Bango da katifa da barguna sun riga sun sha ɗumi za su riƙe shi. Na san halin da muke ciki a jihar nan, ba kowa ke iya barci taga a buɗe ba ko da ƙarfen tsaro a jiki, to wannan tsarin ya raba gardama, in babu abin da ke ci da wuta a ɗakin ku ja tagarku ku kwanta, tsumman ƙofar ne dai nake so a bar shi a cire.

Shi kuma buɗe tagar akwai yadda ake yi, don na ga masu zuge gilashi kamar faɗin farce su saki labule mai kauri a kai su ce ai a buɗe take. Iska na son ƙofar shiga da ƙofar fita, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, in da hali ba a bango ɗaya ba. Mai ɗumi da ta riga ta gurɓata sama take yi ta nemi mafita, sabuwa mai sanyi ta ƙasa take shigowa. Saboda haka taga a zuge ta faɗin yatsu uku ko huɗu a ɗage labulen daga wurin, ƙarƙashin ƙofa a bar shi fayau, in ginin na da 'yan ramukan nan na kusa da silin da mutane ke toshewa da kwali ko leda lokacin sanyi a cire. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa, to ki zaɓi tagar da ke kallon kudu ko yamma, za ki samu canjin iska ba tare da ƙura da sanyin sun daki gadon kai tsaye ba, gadon jaririn kuma a kawar da shi daga saitin tagar. Ki duba ragar sauron da ke jikin tagar ma, a watannin nan ƙura na liƙe ta ta koma kamar kyalle, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma duk bayan kwana biyu. Fanka ba ta maye gurbin taga, iskar ɗakin kawai take juyawa, esi ɗin bango ma haka, ba ya jawo ta waje.

Sai lafiyar hitar kanta. Farantin ya yi ja kamar garwashi wannan daidai ne, amma 'yar ƙaramar wutar da ke gefe wadda ke kunna shi shuɗiya ya kamata ta kasance tsaye cak. In kika ga ta koma ruwan ɗorawa tana rawa, ko harshen wuta na tashi daga farantin, ko baƙin hayaƙi ya fara taruwa a jikin ƙarfen, a kashe a kai wa mai gyara, sau da yawa ƙurar hunturu ce ke toshe inda take shan iska. Masu kyau daga cikinsu suna da wata na'ura a jikin wannan ƙaramar wutar da ke yanke gas da kanta in oksijin ɗin ɗaki ya yi ƙasa, to taku da ke ci tun isha'i har asuba a rufaffen ɗaki ba ta taɓa mutuwa ba, dole a bincika ko tana da ita ko ta lalace. Ki ja kunnen oga a nan, in hita ta fara mutuwa da kanta kar ya bari wani mai gyara ya ce bari in cire abin da ke kashe ta, mutuwar da take yi gargaɗi ne take ba ku. Irin wadda ake ɗaurawa kai tsaye a kan tukunya kamar faifai, da dogayen nan na wuraren shan shayi da lambu, na waje ne, ba su da hurumi a cikin ɗaki sam. Haka kunna kukar girki ko risho don a ji ɗumi.

Kar a haɗa gubar nan da yoyon gas, abu biyu ne. Shi gas ɗin tukunya da gangan ake sa masa warin nan don a gane in yana fita, kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda ake shimfiɗa katifa. In kin ji warinsa a rufe kan tukunya a buɗe ƙofa da tagogi, kar a taɓa makunnin lantarki kar a ƙyasta ashana. Duk sanda aka canza tukunya a shafa ruwan kumfar sabulu a bakin regileta da tiyo, in ya yi ƙwai ƙwai yana tashi akwai yoyo, tiyon da ya fara tsagewa a canza shi kar a naɗe da salatif. Tukunya a tsaye take zama, hita kuma a ba ta tazarar mita ɗaya daga labule da gado da gidan sauro, kar kuma a shanya kayan jariri a kanta, na san ana yi saboda wanki ya yi yawa.

In da hali oga ya nemo ƙararrawar kabon monoksaid, 'yar ƙarama ce mai batir kamar tafin hannu, ana samu wurin masu kayan kashe gobara ko a intanet, ya duba wadda aka rubuta EN 50291 ko UL 2034 a jikinta, kuma ya tabbatar ba ta hayaƙi aka ba shi ba don kamarsu ɗaya aikinsu daban. A ɗakin kwana a ajiye ta daidai tsayin kan mai barci. Ita ba lasisin kwana da hita ba ce, mai gadi ce kawai.

To da me za a ɗumama yaron cikin dare? Da jikinki, babu hitar da ta kai shi. Ki kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata daga shi sai nafkin da hula da safa ki rufa muku zane lokacin da kike ido biyu, wannan ita ce dabarar da ake yi wa bakwaini a asibiti kuma tana aiki. In za ki kwantar da shi ki sa masa kaya ninki ɗaya fiye da wanda ke jikinki, hula a kai don ta kai jarirai ke asarar ɗumi da yawa, a rigingine, bargo ya tsaya a ƙirji kar ya rufe fuska. Ki riƙa taɓa bayan wuyansa ko ƙirjinsa, in da ɗumi lafiya, in yana zufa an yi yawa a rage, tafin hannu da ƙafa dama sukan yi ɗan sanyi ba su ne ma'auni ba. Ana iya ɗumama shimfiɗarsa da gorar ruwan zafi a cire ta kafin a kwantar da shi. Wankan safe a jinkirta sai rana ta fito, a yi shi da sauri a tsane shi nan take. Turaren wuta ma in za a yi, a yi a fitar da kaskon, kar garwashin ya kwana a ciki ko da ya yi toka a sama, yana nan yana ci ta ƙasa.

Batun yadda za ki faɗa kuwa, kar ki tari Inna da wannan ke kaɗai, ba girmanki ba ne kuma za ta ji kamar kina koya mata raino. Ki samu oga a falo ki fara da godiya, ki ce Baban yaro ka yi ƙoƙari Allah ya ƙara buɗi, sai dai ga abin da na karanta ga kuma abin da muke ji, ki nuna masa zufar gilashin da idonsa ki ba shi wannan rubutun ya karanta. Namijin da ya cire kuɗi cikin tsadar gas ɗin nan don ɗansa kar ya ji sanyi ba zai so abin ya zama ajalin yaron ba. Shi zai yi wa mahaifiyarsa magana, kuma ya fara da lafiyarta ita, ya ce Inna ciwon kan nan naki ya dame ni mu je a duba ki. In kun je ki roƙi nas ko likita su yi bayanin a gabanta, abin da ta ji daga bakin mai farin kaya ba za ta riƙe ki da shi ba. Sannan akwai abin da na san Inna ba za ta ja da shi ba, hadisi ne ingantacce a Bukhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a gida in za a yi barci, kuma da wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina ya ce wuta maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta. Hita wuta ce, garwashi wuta ne. Ku bar mata aikin a hannunta, a ce Inna ke ce babba ke za ki riƙa tabbatar da an kashe an fitar kafin a kwanta, za ki ga ta fi kowa tsayawa a kai, don ita ma jikan nan take karewa da tsummanta.

In kuma duk an yi an ƙi ji, daren yau aka sake rufe ɗaki aka kunna, ki ɗauki ɗanki ki koma falo ki kwana, ki ce zafi ya yi miki yawa, a bar ƙofar tsakani a buɗe saboda Inna, da ta yi barci oga ya shiga ya rufe kan tukunyar. Allah ya kiyaye, in wata rana aka samu wani ya ƙi tashi ko yana magana ba kan gado, a fara buɗe ƙofa da tagogi, a fito da kowa waje har wanda ya ce lafiyarsa lau, a kashe gas, a kwantar da wanda ya suma ta gefensa a nufi asibiti. Kar a tsaya ɗura masa madara ko manja, ba sa wanke wannan gubar kuma suna iya wucewa huhu su shaƙe shi. Ko ya farfaɗo a hanya a ƙarasa, don wasu sai bayan kwanaki ko makonni mantuwa da rikicewar tunani ke bayyana.

Dan Allah in kun dawo daga asibiti ki rubuto min abin da aka ce game da hawan jininki, sannan ki lissafa min sau nawa yaron ya tashi da kansa neman nono a daren farko da kuka kwana ba hita.